Shuɗin Kai, Koriyar Ƙafa

Ɗana ba mahaukaci ba ne. Na faɗa tun ranar farko, kuma ban canza ba.

Sunansa Sale. Ɗan fari ne, don haka bakina bai saba da sunan ba. Direba nake ce masa, tun da ya fara jan tirela daga Apapa zuwa arewa. Ni kuwa Ɗanliti, goro nake sayarwa a Agege, nan Ikko, tun ina saurayi. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai zaman ƙofar gida.

A Ijora ya faɗi. Yana jiran a yi masa lodi a wani sito, ya sauko zai yi alwala, buta ta kuɓuce masa, shi ma ya bi ta ƙasa. Aka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya fasa masa jijiya a kai. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama tana ja, baki ya karkace, magana ta tafi. Likitan ya ce tana iya dawowa, kuma abin da ya fi daɗewa a kan mutum shi yake fara fitowa. Na riƙe wannan.

Muka dawo da shi gidana. Matarsa Kalsum ta taho da 'yarsu Bushra suka zauna tare da mu. In an ba shi kunu ya sha. In an juya shi ya juyu. Bai san ni ba. In na shiga ɗakin sai ya dube ni kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Wata rana bayan la'asar ya ɗaga hannun hagu ya nuna saman bango.

"Bai sauko ba," ya ce.

Kalsum ta saki kofin da ke hannunta. "Wa? Baban Bushra, wa ne bai sauko ba?"

"Shuɗin kai. Koriyar ƙafa. Yana kan tsani."

Muka dubi bangon. Babu komai sai ƙusa da agogon da ya daɗe da tsayawa.

Daga ranar, la'asar na yi sai ya fara. Maganar ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Wani lokaci har da hawaye. In aka ce masa babu kowa a wurin, sai ya ture kwanon abinci da hannun da ya rage masa. Layinmu ya ɗauka. Aka ce ya taka wani abu a hanya. Aka ce direbobin doguwar tafiya sun saba gamuwa da irin waɗannan. Mata suka daina aiko mana yara. Bushra ta daina shiga ɗakin ubanta.

Sai ga Muhammad Auwal, yayan Kalsum. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, mutum mai jiki da murya. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba, ban zo da rashin kunya ba," ya ce. "Amma abin nan ya wuce asibiti. Akwai wani malami a garinmu, yana da gida na masu irin wannan lalura. Motar albasa za ta koma babu kaya ranar Asabar da yamma. Sai mu shimfiɗa masa katifa a baya."

"Gidan da ake sa wa mutane mari?"

"Sai mai duka ake sa wa."

"Shi da hannu ɗaya wa zai daka?"

"To ƙanwata fa, Baba? Ba ta barci. Ta rame. Mutum yana ganin abu mai shuɗin kai a kan bango, kai ma ka san sunan wannan."

Na dubi Kalsum. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Na gane sun gama magana tun a waje. Matarsa ce. In ta yarda, ga majiya ƙarfi, ga mota, ni da sanda me zan tare? Kuma na san gidajen nan. Mutumin da ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, in ya shiga ba ya fitowa.

"Asabar ba ta zo ba tukuna," na ce. "Tashi ka tafi."

Ya tafi. Ni kuwa ban san abin da zan yi ba.

Washegari 'yata Juwairiyya ta zo daga Ajegunle, inda take aure tana ɗinki. Ita ce mai bi wa Direba. Haihuwar Ikko ce, bakinta Hausa rabi, Yarbanci rabi, sauran Turancin titi. Tana ɗakin lokacin da ya fara nuna bango. Ba ta gudu ba. Ta tsaya ta yamutsa fuska kamar mai neman allura a cikin tsumma.

"Yaya, sake faɗa."

"Shuɗin kai. Koriyar ƙafa. Yana kan tsani."

Ta fito da sauri ta same ni a ƙofa. "Baba, na san abin nan."

"A ina kika san shi?"

"A talabijin ɗinka. Katun ne, wallahi. Wata dabba ce mai yawo da tsani da bokiti. Mai Tsani muke ce masa. Ranar ƙarshe da muka gan shi yana can saman bishiya aka ɗauke wuta. Yaya ya yi kuka har Inna ta zane shi. Daga nan tashar ba ta sake nuna shi ba."

Ni na fara sa talabijin a layinmu, shekara arba'in da wani abu ke nan. Fari da baƙi, mai ƙafafun katako da ƙofar da ake ja. Don labarai na saye shi. Tasha ba ta buɗewa sai bayan la'asar, kuma da shirmen yara take farawa. Yaran layi su cika falo, Hausawa da Yarbawa, waɗanda ba su samu wuri ba su rataye a taga. Ni ban zauna na kalla ba. Ni ba yaro ba ne.

"Kin tabbata?" na ce.

"Kamar yadda nake ganinka."

"Yayan Kalsum ba zai karɓi bakinki ba. Zai ce kina kare ɗan'uwanki. Nemo shi ya gani da idonsa."

Ta fito da waya. Ta ce duk abin da aka taɓa nunawa a duniya yana cikinta. Ta rubuta da Turanci, dabba mai shuɗin kai da koriyar ƙafa mai ɗauke da tsani. Abubuwa suka fito birjik. Wasu shuɗi daga sama har ƙasa, wasu kore, wasu ban san ko mutane ba ne ko kayan miya. Ta duba har batir ya mutu, ta sa caji ta ci gaba. Babu shi.

Sai ta ce akwai wani zaure a intanet inda mutane suke tambayar juna katun ɗin da suka gani suna yara suka manta sunansa.

"Yara ne a ciki?"

"Manya, Baba. Har da masu furfura."

"Ba su da aikin yi?"

"Abeg Baba, su ne za su taimake mu."

Ta rubuta musu. Suka amsa da tambaya. Wace dabba ce? Ta ce kare. Suka turo karnuka iri iri, babu wanda ya yi kama. Suka ce ta tabbata kare ne? Ta dube ni. Na ce ban sani ba, ban kalla ba.

Na aika a kira Khamisu. Abokin Direba ne tun suna yawo ba wando, yanzu danfo, bas ɗin haya, yake ja daga Ojota. Ya zo da rana tsaka, gumi yana zuba, ya shiga ya ga abokinsa, ya fito idonsa ja. Juwairiyya ta gaya masa abin da ake ciki. Sai ya buga cinya.

"Mai Tsani! Kai, ina na manta da shi! Amma wa ya ce miki kare ne? Gafiya ce."

"Kare ne."

"Ke lokacin majina kike sha, me kika sani? Haƙora biyu a waje, manya. Kin taɓa ganin kare da haƙoran gaba?"

"Kai kuma ka taɓa ganin gafiya tana gyaran rufi?"

"Kare yana yi? Kuma wutsiyarsa fa? Faffaɗa, kamar silifa."

Juwairiyya ta gyaɗa kai. "Wutsiyar kam haka take."

"To ki rubuta musu gafiya mai silifa a baya."

"Za su ce 'yan Legas sun sha wani abu."

Khamisu ya kwankwaɗi ruwa ya goge baki. "Kuma shuɗin kan nan da kuke ta faɗa, ai ba shi kaɗai ba ne. Kowa a talabijin ɗin Baba shuɗin goshi gare shi. Har mai karanta labarai. Ni sai da na yi wayo ina zaton sai mai shuɗin goshi suke ɗauka aiki."

Juwairiyya ta yi dariya. Ni ban yi ba. Wani abu ya faɗo mini.

Leda ce. Wata leda mai kauri da na saya a Idumota, daidai faɗin gilashin. Samanta shuɗi, wai sararin sama. Tsakiyarta ja ja. Ƙasanta kore, wai ciyawa. Mai sayarwa ya ce in na manna ta, talabijin ya zama mai launi. Na manna. Mutane har daga bayan layin dogo suka zo gani. Duk wanda ya tsaya a cikin akwatin nan, kansa yana cikin shuɗi, ƙafarsa tana cikin kore. Na cire ta da talabijin ɗin ya mutu, na manta da ita.

"Goge launin," na ce wa Juwairiyya.

"Wane launi?"

"Duka. Dabbar ba ta da shuɗin kai. Ledata ce."

Na yi musu bayani. Khamisu ya riƙe ciki ya zame daga benci. Juwairiyya ta dafe kai. "Shekara da shekaru ina ba 'ya'yana labarin kare mai shuɗin kai!"

Ta sake rubutawa. Babu launi. Haƙora biyu, faffaɗar wutsiya, tsani, bokiti, gyaran rufi. Ta ƙara da cewa akwai wani kashi da dabbar ta hau bishiya da fitila. Ta kuma gaya musu dalilin neman.

Ranar Juma'a da hantsi amsa ta zo. Wata mata ce daga wata ƙasar sanyi, ta ce a ƙasarsu aka zana shi, ita ma da shi ta tashi. Ta faɗi sunansa. Juwairiyya ta karanta mini sau uku, harshena bai ɗauka ba, nata ma da ƙyar. Ba kare ba ne, ba gafiya ba. Wata dabbar ruwa ce mai sare itace da haƙori, babu ita a ƙasarmu. Matar ta turo har kashin da ya hau bishiya da fitila.

Na karɓi wayar na duba. Ga shi nan. Ruwan ƙasa ne tun daga kai har wutsiya, da 'yar hula ja. Kiɗa yana tashi kamar ana kaɗa cokula.

Muka shiga wajen Direba. Juwairiyya ta kara masa wayar a fuska. "Yaya, ga Mai Tsani. Mun samo shi."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya rufe ido ya juya kai bango. Da la'asar ta yi ya ɗaga hannu kamar kullum. "Bai sauko ba."

Juwairiyya ta fita bayan gida ta yi kukanta. Kalsum ta jawo jaka ta fara ninke rigunansa. Ba ta dube ni ba.

Na zauna a ƙofa na yi tunani. Yaron nan bai taɓa ganin dabbar nan ruwan ƙasa ba. Bai taɓa ganin ta a tafin hannu ba. Abin da yake nema yana cikin kansa yadda ya shiga. To haka za a ba shi.

Ranar Asabar da safe na ɗauki sanda na tare keke. Rabona da cikin kasuwar Agege an daɗe. Na wuce rumfunan goro, tsofaffin abokan ciniki suna kira, ban tsaya ba. Na je wajen matan da suke naɗe goron aure da kayan lefe. Suna da wata leda mai sheƙi da ake ganin abu ta cikinta. Na ce a yanko mini shuɗiya, da ja, da koriya.

"Alhaji, amarya za a ƙara?" in ji ɗaya.

"Yanko."

Juwairiyya ta kai wayar shagon masu tura finafinai, suka zuba mata abin a filashi. Khamisu ya bar danfonsa a hannun wani ya zo. Muka ciro talabijin ɗin falo muka kai ɗakin Direba, muka ɗora a kan tebur daidai bangon da yake nunawa. Khamisu ya danna rimot har launi ya mutu, komai ya koma fari da baƙi. Na yanka ledojin da hannuna. Shuɗiya a sama, ja a tsakiya, koriya a ƙasa. Muka kama su da salatif. Ta farko ta yi duhu, na cire na sa falle ɗaya. Na ja da baya na duba. Haka take.

Bayan la'asar Muhammad Auwal ya iso da 'yan dako biyu, ƙarti. Ya ce mota tana bakin titi, direba yana sauri.

"Shigo," na ce. "Su ma su shigo. Ku zauna."

"Baba, lokaci…"

"A gidana kake. Zauna."

Ya zauna a bakin ƙofa. Ya ga leda a jikin talabijin, ya dubi ƙanwarsa, kamar yana cewa ashe abin na gida ne. Na ga kallon. Na ƙyale shi.

Direba ya fara ɗaga hannu. Na ce wa Khamisu ya kunna.

Dabbar ta fito daga gefe, tsani a kafaɗa, bokiti a hannu. Kanta shuɗi. Cikinta ja ja. Ƙafafunta kore.

Kalsum ta yi salati da ƙarfi. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya miƙe tsaye. Muhammad Auwal ya ƙura wa gilashin ido.

Hannun Direba ya tsaya a sama. Idonsa ya bar bango ya sauko kan gilashin. Bai ƙifta ba. Dabbar ta jingina tsani a jikin wata doguwar bishiya, ta ɗauki fitila a baki, ta fara hawa. Tsanin yana rawa. Tana hawa yana ƙara rawa. Numfashin Direba ya yi sama. Ya damƙi zanen gado. Hawaye suka zubo.

"Bai sauko ba," ya ce. "Bai sauko ba."

Muhammad Auwal ya gyara murya. "Baba, na gani. Katun ne, na yarda, ba abin da muke zato ba ne. Amma dube shi. Magidanci yana kuka don zane. Bai san matarsa ba, bai san ka ba. Wannan ai shi ne dai ciwon."

Khamisu ya tsayar da hoton, dabbar tana can sama a kan tsani. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Baba, saura abu ɗaya."

"Me?"

"Muryar."

"Ga kiɗa nan."

"Ba mu taɓa jin kiɗan nan ba. Kashe sautin kake yi, ka ce ana salla a masallacin layi. Muryarka muke ji. Kana dawowa daga masallaci sai ka tsaya a bakin ƙofa da carbi, in ya hau tsanin sai ka daka masa tsawa."

"Ni?"

"Kai. 'Sauko, ɗan banza, za ka karye!' Mu kuma mu amsa."

"Ban taɓa ba."

"Ka yi, Baba," in ji Juwairiyya. "Kullum. Ni na ɗauka cikin wasan ne."

"Wucewa nake yi."

"E, wucewa kake yi," in ji Khamisu, "har a gama."

Na dubi ɗakin. Ga suruki. Ga surukata. Ga ƙarti biyu da ban san iyayensu ba. Ga jikata tana leƙe ta taga. Shekarata ta haura saba'in, an san ni a Agege, ba a taɓa jin na ɗaga murya a kan abin wasa ba. Ko an ji, ban yarda ba.

Na miƙe. Na je bakin ƙofa, Muhammad Auwal ya matsa mini. Na ciro carbi daga aljihu.

"Kashe kiɗan. Mayar da shi baya."

Khamisu ya mayar. Ɗakin ya yi tsit. Dabbar ta sake jingina tsani, ta sake cizon fitila, ta fara hawa. Tsani ya fara rawa. Na bari ta kai inda ganye yake.

"Sauko, ɗan banza, za ka karye!"

Muryar ta fi yadda na yi niyya. Kaji suka watse a tsakar gida.

Kafaɗar Direba ta motsa. Wani sauti ya fito daga bakinsa, na ɗauka shaƙewa ce. Dariya ce. Ta gefe ɗaya take fita, amma dariya ce.

"Sai ya… gama," ya ce. "Sai ya gama, Baba!"

Khamisu da Juwairiyya suka amsa tare da shi, manya da su, kamar 'yan makaranta. Dabbar ta rataye fitilar a reshe. Ta juyo za ta sauko, tsanin ya zame, ta taho tana juyi a iska, ta faɗa cikin bokitinta da kai. Ƙafafu kore suna harbi a sama, yanzu sun koma shuɗi. Ta fito, ta girgiza jiki, ta ɗauki tsani ta wuce.

Direba ya saki zanen gado. Ya sauke hannu a kan ƙirji. "Ya sauko," ya ce.

Sannan ya juyo da kansa wajen ƙofa. Ya dube ni daga hula har takalmi. Ba kallon baƙo ba ne.

"Baba," ya ce. "Ka… tsufa."

"Kai ma ba yaro ba ne."

Ya sake yin dariyar. Idonsa ya zagaya ɗakin ya tsaya a kan matarsa. Bakinsa ya yi ta kokawa. Babu wanda ya taimake shi, na ɗaga hannu na hana. Da kansa ya fito da maganar.

"Kalsum. Ruwa."

Ta tashi da gudu, ta yi karo da jakar da ta haɗa, riguna suka zube, ba ta tsaya ba. Ta kawo ruwan, rabi ya zube a kan gado. Ya sha. Bushra ta bar taga ta shigo ta tsaya a jikin uwarta. Ya miƙa mata hannun hagu. Ta kama.

Na juya wajen Muhammad Auwal. "Motarka tana jira."

Ya share fuska da hula. Ya dubi ƙanwarsa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, tana tsince riguna tana mayarwa cikin kwaba. Ya ce wa 'yan dakon su je su gaya wa direba ya kama hanya. Ɗayan ya tsaya a ƙofa yana waiwaye.

"Oga, babu wani?"

"Fita," in ji Muhammad Auwal.

Akwai wasu katun ɗin Mai Tsani kuwa. Matar nan ta ƙasar sanyi ta turo su duka da Juwairiyya ta gaya mata abin da ya faru. Kullum bayan la'asar Kalsum tana kunna ɗaya. Na koma da Direba asibiti, likita ya haɗa mu da wata mai koyar da magana, tana sa shi kiran sunayen abubuwa. Hannun dama bai tashi ba. Ba zai sake jan tirela ba, na sani, shi ma ya sani. Amma yana cewa yana jin zafi, yana cewa a buɗe taga, yana yi wa Khamisu tsiya a kan tuƙinsa. Matan layi sun dawo da aiko yara. Wasu iyayen ma suna zuwa da kansu, wai duba marar lafiya, sai su zauna har a gama.

Muhammad Auwal ya dawo bayan an kwana biyu, ɗan dako yana biye da shi da kwandon albasa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya shiga ya gaishe da mijin ƙanwarsa. Direba yana zaune a kujera, an jingina masa filo. Ya amsa gaisuwar, ya kira shi da sunansa duka biyun, bai yi tuntuɓe ba. Sannan ya sa aka matso masa da kwandon. Ya ɗauki albasa ɗaya ya juya ta a hannu, ya matsa, ya shinshina.

"Ta bara ce," ya ce. "Ka kawo mana… wadda ta ƙi sayuwa."

Muhammad Auwal ya fara rantsuwa. Na bar su suna yi, na fita alwala.